Tsakanin sani da aiki: yadda ra'i ke yi wa binciken kiwon lafiya jagora, daga Yamai zuwa Arlit

A fannin kiwon lafiya akwai wani reshe na bincike wanda neman sabon magani ba ya cikin aikinsa. Abin da yake bi shi ne dalilin da ya sa maganin da aka riga aka tabbatar da amfaninsa, ko dabarar da aka san tana ceton rai, ba ta isa ga majinyaci a gidan likita, da kuma hanyar da za a bi ta isa. Ana kiransa binciken aiwatarwa. Masu yinsa suna dogara da ra'i, wanda wasu malamai ke kira nazariyya, waɗanda suka yi lakwal kuma suka san shi da sunan teyori. Ra'i bayani ne tsararre game da yadda abu ke haifar da abu: me ke sa unguwarzoma ta sake yadda take aiki, me ke sa wani tsari ya zauna da gindinsa a wannan asibiti ya watse a wancan.

Ga garuruwan ƙarfen uraniyum na jahar Agadas, wato Arlit da Akokan da kewayensu, zancen ya shafi rayuwar yau da kullum. An daɗe da sanin illar ƙurar dutse da iskar radon ga huhun mai haƙar ma'adini. Abin da ya rage shi ne yadda wannan sanin zai koma awo, da magani, da bin sawun tsohon ma'aikaci har ƙarshen rayuwarsa.

Tazarar da ke tsakanin sani da aiki

Tarihin likitanci cike yake da jinkiri. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna James Lind ya gwada ya ga lemo yana warkar da cutar da ke zubar wa matuƙan jirgin ruwa haƙora tana kashe su. Sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemon tsami ga sojojinta. A 1847 Ignaz Semmelweis ya nuna a birnin Biyana cewa wanke hannun likita da ruwan kilorin yana rage mutuwar masu jego ƙwarai, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi karɓa har ya mutu.

A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka, Balas da Boren, sun ƙiyasta cewa sakamakon bincike yakan ɗauki kimanin shekaru 17 kafin ya shiga aikin yau da kullum, kuma kaɗan ne daga cikinsa ma ke shiga. Masana suna jayayya kan lissafin, sai dai ba su musun cewa tazarar tana nan. A 2006 aka kafa mujalla ta musamman domin wannan fanni, mai suna Implementation Science.

Da farko yawancin masu ƙoƙarin cike giɓin suna yi ne da ka. Wani nazari da aka wallafa a 2010 ya duba bincike 235 kan hanyoyin sa likitoci su bi ƙa'idojin aiki, ya tarar 53 ne kawai suka taɓa wani ra'i, kuma 14 ne daga ciki suka yi aiki da shi ƙarara. Sakamakon haka, in tsari ya ci nasara ba a san me ya sa ba, in ya faɗi ba a san inda ya karye ba.

Abin da ra'i ke yi wa mai bincike

Idan aka ga ma'aikatan lafiya ba sa bin wata ƙa'ida, amsar da ta fi saurin zuwa bakin shugabanni ita ce a shirya musu taron horo. A tara su kwana uku a babban birnin jaha, a ba su takardu da kuɗin zama, kowa ya koma wurin aikinsa. Wannan amsa tana ɗauke da zaton cewa rashin sani ne matsalar. Sau da yawa ma'aikacin ya sani sarai. Maganin ne babu a kanta, ko shi kaɗai ne a gaban majinyata 60, ko doka ba ta ba shi izinin yin allurar ba sai lokotoro ya sa hannu.

Wani babban nazari da Alexander Rowe da abokansa suka wallafa a 2018, wanda ya tattara ɗaruruwan bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya nuna girman abin. Raba takardun bayani kaɗai kusan ba ya canza komai. Horo kaɗai yana ƙara bin ƙa'ida da kimanin maki 10 cikin 100. Idan aka haɗa horo da sa ido na shugabanni a wurin aiki, ƙarin yakan kai kimanin 18.

Amfanin ra'i shi ne ya hana mai bincike yanke hukunci kafin ya duba. Masanin ƙasar Suwidin Per Nilsen, a wata maƙala ta 2015 da ta zama abin komawa a fannin, ya kasa amfanin gida uku. Na farko, ra'i yana jera matakan da ake bi daga sakamakon bincike zuwa aiki. Na biyu, yana bayyana abubuwan da ke taimakawa da waɗanda ke hanawa. Na uku, yana faɗin abin da za a auna a ƙarshe domin a san ko an yi nasara.

Fitattun ra'o'i da ake aiki da su

Mafi daɗewa shi ne ra'in yaɗuwar sababbin abubuwa na Everett Rogers, wanda ya fito a 1962 daga nazarin yadda manoma ke karɓar sabon iri. Rogers ya ce abubuwa biyar ke sa mutane su rungumi sabon abu: ya fi wanda suke da shi, ya dace da al'adarsu da aikinsu, ba shi da wuyar koyo, ana iya gwada shi kaɗan kafin a shiga gaba ɗaya, kuma ana ganin amfaninsa da ido.

Akwai misali a Mirya, cikin jahar Damagaram. A tsakanin 2013 da 2014 ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan madauri mai launi uku domin gane tamowa: ja yana nufin ƙasa da milimita 115, sai a garzaya likita. An kwatanta yankin Dogo, inda iyaye ke awon, da yankin Takeita, inda wakilan lafiya na ƙauye ke yi. Iyayen ba su gaza ba, an gano yara da wuri, waɗanda suka buƙaci kwanciya sun ragu, kuɗin aikin kuma ya fi sauƙi. Madaurin ya cika sharuɗɗan Rogers guda biyar, shi ya sa dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Ra'i na biyu yana duba halayyar mutum ɗaya. Susan Michie da abokanta a Landan suka fitar da shi a 2011, ana kiransa COM-B. Ya ce kafin mutum ya aikata abu sai abubuwa uku sun haɗu: iyawa, dama, da niyya. Iyawa ta ƙunshi sani da ƙwarewar hannu. Dama ta ƙunshi kayan aiki, lokaci, izini, da yardar abokan aiki. Niyya ta ƙunshi imani da amfanin abin, da sabo, da tsoro. Horo yana gyara ta farko ne kawai.

Na uku yana duba wurin aiki baki ɗaya. Tsarin CFIR, wanda Laura Damschroder da abokanta suka haɗa a 2009 kuma aka sabunta a 2022, ya kasa tambayoyi gida biyar: shi kansa sabon tsarin, yanayin waje kamar dokoki da kuɗi da siyasa, yanayin cikin asibiti, mutanen da abin ya shafa, da yadda aka shigo da tsarin. Kafinsa, a 1998, wasu masanan aikin jinya a Ingila sun kawo tsarin PARIHS, wanda ya ce nasara tana rataye ga ƙarfin hujja, da yanayin wurin, da samun mutumin da zai tsaya ya taimaka a sauya aikin.

Na huɗu na awo ne. Tsarin RE-AIM na Russell Glasgow, na 1999, yana tambaya biyar: mutum nawa aka kai ga su cikin waɗanda suka cancanta, abin ya yi amfani, cibiyoyi nawa suka karɓa, an yi shi yadda aka tsara, ya kuma ɗore bayan masu ba da tallafi sun tafi.

Misali a aikace: zubar jini bayan haihuwa

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, alhali an san maganinsa. Oksitosin tsohon magani ne. Wani gwaji na 2017 ya nuna allurar tranexamic, in an yi ta cikin awa uku, tana rage mutuwa saboda zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka mata suka ci gaba da mutuwa a asibitocin da ke da waɗannan magunguna.

Masu gwajin E-MOTIVE, wanda jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya OMS suka jagoranta, tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta jami'ar Bayero da ke Kano cikin shugabanninsa, sun fara da tambayar ma'aikata, suna tsara tambayoyin bisa ra'in COM-B. Sun tarar ana ƙiyasta jinin da ido, kuma ido yana rage lissafi, har a makara. Sun tarar ana ba da magani ɗaya a jira a gani kafin a ba da na biyu. Sun tarar kayan aikin suna warwatse, wasu a farmasi, wasu a kulle. A wurare da dama unguwarzoma tana jiran likita kafin ta yi wata allurar.

Kowace matsala aka ba ta amsar da ta dace da ita. Domin gane jinin da wuri, aka kawo leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa. Domin kawar da jira, aka haɗa matakan wuri ɗaya a yi su a tare: murza mahaifa, oksitosin, tranexamic, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba in bai tsaya ba. Aka tanadi keken kaya ko akwati a ɗakin haihuwa, aka ba unguwarzoma izinin yin dukkan matakan, aka yi atisaye a cikin asibitin kansa, aka naɗa jagorori daga cikin ma'aikatan, ana kuma nuna wa kowane asibiti alƙalumansa a kai a kai.

An yi gwajin a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, aka wallafa sakamakon a watan Mayun 2023. Gano zubar jini ya kai kashi 93 cikin 100 a asibitocin da suka bi tsarin, sauran kuma kashi 51. Mummunan sakamako, wato zubar da lita guda ko fiye, ko tiyata, ko mutuwa saboda jini, ya kasance kashi 1.6 cikin 100 a rukunin farko, kashi 4.3 a na biyu. An samu ragin kashi 60 cikin 100 ba tare da ƙirƙiro magani ko ɗaya ba.

Nijar ma ta bi tata hanyar. Ofishin ministan kiwon lafiya, da tallafin ƙungiyar HDI, ya shimfiɗa tsari mai mataki uku a gidajen likita na faɗin ƙasa: ƙwayar misoprostol, sannan balan-balan da ake cikawa da ruwa a cikin mahaifa in jinin bai tsaya ba, sannan rigar da ke matse ƙafafu da ciki domin mace ta jure tafiya zuwa babban asibiti. Binciken da aka wallafa a 2023, kan haihuwa sama da miliyan ɗaya da dubu 300 tsakanin 2015 da 2020, ya nuna mutuwa saboda wannan zubar jini ta ragu fiye da rabi. Ba a ware rukunin kwatantawa a binciken ba, don haka hujjarsa ba ta kai ta E-MOTIVE ƙarfi ba. Sai dai an gina tsarin bisa yanayin ƙasar: misoprostol ba ta buƙatar firiji kamar oksitosin, rigar kuma amsa ce ga nisan hanya, abin da mazauna tsaunukan Ayar suka fi kowa sani.

Ra'in da aka haifa a Yamai

Ba duka ra'o'in fannin suka fito daga Turai da Amurka ba. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta shahara da kalmomi biyu da masana a ƙasashe da yawa suka ara. Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa, ciki har da Aïssa Diarra da Mahaman Moha, suka bayyana su dangane da lafiyar mata masu haihuwa a wata maƙala ta 2017.

Ta farko ita ce tsari matafiyi: dabarar da ta yi nasara a wata ƙasa, ƙwararru suka naɗe ta cikin takarda, masu ba da tallafi suka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa kamar ko'ina ɗaya ne. Ta biyu ita ce ƙa'idojin aikace: dokokin da ba a rubuta ba waɗanda ma'aikata ke bi a zahiri, saɓanin na littafi. Misalin da suka fi kawowa shi ne takardar bin naƙuda, wadda ake so a riƙa cikawa lokaci zuwa lokaci domin a gane naƙudar da ta tsaya. Masu binciken sun tarar a ɗakunan haihuwa da yawa sai bayan an haihu ake cike ta, domin mai duba aiki ya same ta a cike. A rahoto, ana bin ƙa'ida. A gadon haihuwa, takardar ba ta tsare kowa ba.

Haka suka bi diddigin tsarin jinya kyauta, wanda gwamnatin Nijar ta fara da tiyatar ciro jariri a 2005, ta ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki a 2006. Zuwan yara likita ya ƙaru sosai. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma lissafa jinya kyauta cikin dalilai, tare da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, gidan sauro da yaƙi da tamowa. Amma tsarin ya dogara ga cewa cibiya ta yi aikin, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya yi ta jinkiri, bashi ya taru har miliyar da dama na sefa, kantunan magani suka bushe, aka koma ba iyaye ordinansi su sayo a waje.

Darasin LASDEL shi ne a fara daga abin da ake yi a zahiri, kuma a nemo ma'aikatan da suka riga suka samo gyara a cikin wurin aikinsu, a gina a kan dabararsu. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Garuruwan uraniyum: hujja ta daɗe, aiki ya rage

An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da uraniyum a 1971, garin Arlit kuma ya tashi ne saboda shi. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 da ramin ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan, ya fitar da kimanin tan 75,000 kafin a rufe shi ranar 31 ga watan Maris na 2021. Rufewar ta shafi ma'aikata kusan 600 da ƴan kwangila kimanin 700, ta kuma bar tarin dusar ma'adini da ake ƙiyastawa da tan miliyan 20. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR hannun ƙasa.

Hujjar kimiyya a nan tsohuwa ce. Tun 1879 likitoci biyu a Jamus suka gano cewa sankarar huhu ce ke kashe masu haƙar ma'adini na Schneeberg. A 1988 cibiyar binciken sankara ta OMS ta sa radon, iskar da ke fitowa daga dutsen uraniyum ba launi ba wari, cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu, kuma haɗarin ya fi yawa ƙwarai ga mai shan taba. Ƙurar dutse tana sa huhu ya ƙandare, tana kuma ninka haɗarin tarin fuka. Cututtukan sukan bayyana bayan shekaru 10, 20 ko fiye, lokacin da ma'aikaci ya riga ya bar aiki.

Ƙungiyar farar hula ta Aghir In'man, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, ita ta gayyato masu awo masu zaman kansu. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo a 2003 ta ce ta samu gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. Greenpeace ta zo a watan Nuwamban 2009 ta ce ta samu tururi mai yawa a wasu titunan Akokan da uraniyum fiye da kima a wasu samfuran ruwa. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano, ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen. A 2009 ya sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyoyin Sherpa da Médecins du Monde, wadda ta kai ga kafa cibiyar sa ido kan lafiya ta jahar Agadas, OSRA, a watan Disamban 2011, domin duba tsofaffin ma'aikata kyauta. Shekara guda bayan haka Sherpa ta janye, tana cewa abin ya koma tallar suna.

Idan aka ɗora ra'o'in da aka ambata a kan wannan tarihi, tambayoyi takamaimai suna fitowa.

PARIHS yana fara da hujjar kanta. Hoton ƙirji na radiyo yana da amfani wajen gane ƙandarewar huhu da tarin fuka, amma wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2011 cewa yin sa a kai a kai ba ya rage mutuwa daga sankarar huhu. A shekarar ce wani gwajin ya nuna sikana mai ƙaramin tururi tana rage ta da kimanin kashi 20 cikin 100 a tsakanin masu shan taba sosai. Saboda haka dole a bayyana cutar da kowane awo ke nema. Taimakon mutum ya bar taba kuwa yana cikin matakai mafi araha kuma mafi ƙarfin hujja.

RE-AIM yana tambayar kai wa ga mutane. Ma'aikatan ma'adinan sun fito daga kowane sashe na Nijar, da yawa sun koma Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso ko Yamai bayan ritaya. Yawan waɗanda aka duba ba ya da ma'ana sai an san yawan waɗanda suka cancanta, har da ƴan kwangila da iyalai. Tambayar ɗorewa ita ma ta taso: wa zai biya awon da maganin bayan kamfani ya rufe ko ya canza hannu, kuma wa ke riƙe da takardun awon tururin da kowane ma'aikaci ya sha a shekarun aikinsa.

CFIR yana duba yanayin waje da na ciki. Shekaru da dama manyan asibitocin garin biyu na kamfanonin ne, wanda ke biyan likita shi ne wanda za a nema diyya a wurinsa in an ce cutar daga aiki ta fito. Ko da likitan mai gaskiya ne, irin wannan tsari yana raunana yarda, kuma mutum ba ya zuwa awon da bai yarda da sakamakonsa ba. Akwai kuma nisa. Agadas tana da tazarar kimanin kilomita 240, Yamai fiye da 1,000, kuma a Yamai ne cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, wadda ta fara gashin sankara da na'ura a 2021. Gano cuta ba tare da hanyar kai majinyaci wurin magani ba rabin aiki ne.

COM-B yana duba ɗakin duba majinyata. Malamin jinya da ke CSI zai tambayi mai tari ko ya taɓa aikin rami ne idan an koya masa, idan akwai gurbin tambayar a rajista, idan kuma ya san akwai abin da zai biyo bayan amsar. Tambayar ta wuce uraniyum, domin tun 2014 zinariyar Jado da Cibarakatan ta jawo dubban matasa masu fasa dutse a bushe, da yawansu ta Arlit suke bi. Maganin tarin fuka wata shida ne a jere, tsarin da aka gina don mazaunin wuri ɗaya, alhali mai haƙar zinariya, makiyayi da baƙon da aka koro daga Aljeriya ta Asamaka duk matafiya ne.

Iyakar ra'i

Ra'i ba ya sayen magani, ba ya biyan albashi, ba ya gyara hanyar Tawa zuwa Arlit. Tsare-tsaren sun yi yawa, sun haura 100, kuma wasu masu bincike suna ambatar ɗaya a gabatarwa don ado kawai su manta da shi. Yawancinsu an ƙera su ne a asibitocin ƙasashe masu arziki, inda wuta da ruwa da ma'aikata ba abin tambaya ba ne. Shi ya sa a 2020 wasu masana suka ba da shawarar ƙara wa CFIR sashe na musamman kan tsarin lafiyar ƙasa baki ɗaya, domin ƙasashe irin Nijar. Kuma ra'i na iya zama tsari matafiyi shi ma, in an cika gurabensa a ofis ba a zauna a ɗakin haihuwa an gani ba.

Akwai kuma abin da yawancin tsare-tsaren ba sa kamawa da kyau, wato iko da maslaha. A wurin da gano cuta ke nufin biyan diyya, ko ke taɓa kuɗin shigar ƙasa, jinkirin aiki da hujja ba kullum yake zama kuskure ba. Binciken da ya kauce wa tambayar wa ke amfana da wa ke asara zai bar babban sashe na amsar a waje.

Tambayoyin da mazauna gari za su iya yi

Ba sai mutum ya yi jami'a ba kafin ya yi amfani da wannan ilimi. Idan aka zo da sabon shirin lafiya unguwa ko CSI, kwamitin kula da cibiya, ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata da zaɓaɓɓun gari suna da damar tambaya. Wace hujja ce ta nuna abin yana aiki, kuma a wane irin wuri aka gwada shi? An tambayi ma'aikata da majinyata abin da ke hana su kafin a tsara shirin? Matsalar ta sani ce, ta kayan aiki ce, ko ta yarda? Mutum nawa suka cancanta, nawa aka kai ga su? Wa ke riƙe da alƙaluman, kuma za a karanta wa jama'a su da Hausa da Tamashek? Wanda aka samu da cuta, ina za a kai shi, wa zai biya? In tallafi ya ƙare, wane layi na kasafin kuɗi zai ɗauki nauyin?

Shirin da ke da amsar waɗannan tambayoyi a rubuce tun kafin a fara shi ya fi kusa da isa gadon majinyaci.